Mai binciken ɗan Sin ne, amma fuskar ta Bature ce: fashin baƙi kan finafinan Mista Wong da Charlie Chan

Ta yaya aka yi fim ɗin da jaruminsa Basine ne, sunansa na Sinawa, unguwar da ake labarin ta Sinawa, amma in ka ƙura ido sai ka ga wanda ke cikin kwat ɗin Bature ne aka ja wa fatar ido? Kuma me ya sa, fiye da shekara 80 da yin su, har yau ba a daina jayayya a kansu ba, wasu na cewa karramawa ce aka yi wa Sinawa, wasu na cewa cin fuska ne?

Tambayar tana tasowa ne saboda finafinan suna nan birjik a YouTube kyauta, baƙi da fari, kowanne awa ɗaya da 'yan mintoci. Tana kuma dawowa duk lokacin da Hollywood ta ɗauki farar fata ta ba shi matsayin ɗan Asiya, kamar hayaniyar da aka yi a 2017 da aka sa Scarlett Johansson a wani fim da asalin labarinsa na Japan ne. Da zarar an fara irin wannan muhawara, sunan da ake fara jawowa shi ne Charlie Chan, Basine mai binciken kisa a tsofaffin finafinan Amurka. Ba a cika tuna takwaransa na talakawa, Mista Wong, ba, alhali labarinsa ne ya fi bayyana yadda abin ya gudana.

Ba fim ɗin Chanis ba ne

Wanda ya saba da finafinan karate da kunfu, ya ga suna Wong ya danna yana jiran a fara tashi sama, zai sha mamaki. Babu faɗa, babu malami da almajiri a kan dutse. Fim ne na Amurka, Amurkawa suka rubuta, aka ɗauka a Los Angeles da Turanci, domin 'yan kallon Amurka. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum: an tsinci gawa, galibi ta wani attajiri, a ɗakin da ba a ga alamar shigowar kowa ba. Mutum biyar ko shida kowanne yana da dalilin son ganin bayansa. Ɗan sanda farar fata mai zafin kai ya cafke wanda bai ji ba bai gani ba. Sai mai binciken nan Basine, cikin natsuwa da ladabi, ya tsinci ɗan abin da kowa ya taka ya wuce, a ƙarshe ya tara waɗanda ake zargi a falo ɗaya ya nuna mai laifin.

Ɗauki na farkon jerin, "Mr. Wong, Detective" na 1938. Masu kamfanin haɗa sinadarai ne ake kashewa ɗaya bayan ɗaya a San Francisco. Ashe iskar guba ce aka ɗura a 'yar ƙwallon gilashi maras kauri, wadda ƙarar jiniyar motar 'yan sanda ke fasawa. Wato wanda ya ji tsoro ya kira 'yan sanda, zuwansu ne ajalinsa. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce kusan dukiyar fim ɗin gaba ɗaya. Sauran duk ɗakuna ne uku ko huɗu da mutane ke shiga suna fita suna magana.

Kamfanin Monogram ya yi shida na Mista Wong tsakanin 1938 da 1940. A biyar na farko Boris Karloff ne ya fito, mutumin Landan da aka haifa a 1887 da sunan William Henry Pratt, wanda duniya ta sani da dodon Frankenstein na 1931. Na shidan shi ne ya fita daban, za mu zo kansa.

Fim mai daraja ta biyu da Layin Fatara

Sai an fahimci kasuwar kafin a fahimci fim ɗin. Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, mutane suka rage zuwa silima. Masu gidajen kallo suka ɓullo da dabarar nuna fim biyu a kuɗin tikiti ɗaya. Na farko shi ne babban, mai taurari da kashe kuɗi. Na biyu cikon benci ne, shi ake kira fim ɗin rukunin B. Bambancinsu bai tsaya ga inganci ba, har da yadda ake biya. Babban fim yawanci kason abin da aka tara a ƙofa ake ba kamfaninsa, na biyun kuwa kuɗin haya ne tsayayye. Ko gidan ya cika ko ya zama kango, abin da mai fim zai karɓa bai sauya ba.

Daga nan komai ya samo asali. In ka san abin da zai shigo tun kafin ka kunna kyamara, hanyar riba ɗaya ce, ka rage abin da zai fita. Ƙananan kamfanonin da suka rayu a kan wannan lissafi, da yawansu a kusa da titin Gower a Hollywood, su ake wa laƙabi da Layin Fatara. Monogram, da aka kafa a 1931, yana cikin manyansu. Fim a mako ɗaya ko biyu an gama. Ɗakin da aka gina wa fim ɗin jiya shi za a sauya wa labule a yi na yau. Ba a cika maimaita ɗauka ba sai in wani ya yi tuntuɓe da kujera. Har labarin ma ba a zubarwa: labarin ƙwallon gilashin nan sun sake dafa shi a 1948 da sunan Charlie Chan, haka na ukun jerin Wong ya sake fitowa a 1947 da sabuwar riga.

Fim ɗin binciken kisa ya dace da wannan talauci, tunda ba ya buƙatar dawakai ko taron jama'a, magana ce da inuwa. Yin sa jeri-jeri ya fi dacewa, domin ba sai an sake tallata jarumin ba, sunansa kaɗai ya isa. To me ya sa Basine? Saboda babban kamfanin Fox yana ta kwasar kuɗi da Charlie Chan tun 1931, ya kuma ƙara da Mista Moto, ɗan Japan, wanda Peter Lorre, haifaffen ƙasar Hungary ta wancan lokaci, ya yi sau takwas daga 1937 zuwa 1939. Monogram ya ga kasuwa na ci, ya nemo gajerun labaran Hugh Wiley da ke fitowa a mujallar Collier's game da wani James Lee Wong, ya ce shi ma ga nasa.

Kafin mai bincike, akwai mugu

Wanda ya kalli Chan ko Wong da idon yau kaɗai ba zai gane abin da ya sa aka ɗauke su ci gaba ba. Dole a koma baya.

Sinawa sun fara kwarara Kalifoniya bayan gano zinare a 1848, kuma dubbansu ne suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yammacin Amurka a 1869. Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya tsuke, sai aka juya musu baya, aka ce su ke karya farashin ƙwadago. An yi musu kisan gilla a Los Angeles a 1871, an kashe 28 a Rock Springs ta jihar Wyoming a 1885. A 1882 majalisar Amurka ta yi dokar hana ma'aikatan Sin shigowa, ta kuma haramta wa waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa. Dokar nan ba a soke ta ba sai 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar yaƙi da Japan, kuma ko a lokacin mutum 105 kacal aka yarda su shigo a shekara. Ma'ana, duk finafinan Mista Wong shida an yi su ne a ƙasar da doka ta hana irin Mista Wong shigowa.

A littattafai da finafinan wancan zamani, Basine shi ne mai gidan shan banju, mai satar 'yan mata, mai wuƙa a hannun riga. Sarkinsu shi ne Fu Manchu, ƙirƙirar marubucin Ingila Sax Rohmer, likita mai kaifin ƙwaƙwalwa da burinsa shi ne ya durƙusar da Turawa. Abin ya yi yawa har Ronald Knox, limamin Katolika kuma marubucin labaran bincike, da ya jera dokoki goma na rubuta irin waɗannan labarai a 1929, ya sa ɗaya daga ciki cewa kada a saka Basine, don ya gaji da ganin an mayar da shi hanyar ragwanci ta samo mugu.

Ga wani abin dariya mai ɗaci: Warner Oland, ɗan Swidin da ya zama Charlie Chan, shi ne ya yi Fu Manchu daga 1929. Karloff ma ya yi Fu Manchu a 1932 kafin ya zama Wong. Fuskar da aka tsoratar da 'yan kallo da ita jiya, ita aka wanke aka miƙa musu a matsayin mai gaskiya.

Mutumin gaskiya da ke bayan almarar

Earl Derr Biggers, ɗan jihar Ohio, shi ya ƙirƙiro Chan a littafinsa na 1925, ya kuma rubuta shida kafin ya rasu a 1933. Ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji da mugun Basine, yana son mai kirki da ke gefen doka. An danganta jaruminsa da wani ɗan sanda na gaske a Honolulu ta tsibirin Hawaii, Chang Apana, wanda aka haifa a 1871, ya shiga aikin ɗan sanda a 1898, ya yi ritaya a 1932.

In ka jera su biyun, a nan za ka ga abin da Amurka ta iya haɗiyewa da abin da ba ta iya ba. Apana siriri ne, ɗan ƙarami, tsohon makiyayin shanu a kan doki, jikinsa duk tabon sara da suka. Bulala yake yawo da ita. Aikinsa kutsawa gidajen caca da na masu fasa-ƙwaurin banju, har ana ba da labarin ya taɓa tiso ƙeyar gomman 'yan caca shi kaɗai. Chan na fim kuwa mai ƙiba ne, mai taushin murya, yana rusunawa, yana neman afuwa kafin ya yi tambaya, yana jefa karin magana da gurguwar Turanci. An cire bulalar, an bar murmushin. A ganina wannan ne zuciyar maganar. Basine mai kaifin hankali an karɓe shi, amma da sharaɗin kada ya ɗaga murya, kada ya ɗaga hannu, kada ya kalli macen Bature.

Me ya hana a ba Basine?

Da farko an gwada 'yan Asiya, ko da yake ba Sinawa ba. A 1926 George Kuwa ɗan Japan ya yi Chan, a 1927 Sojin Kamiyama shi ma ɗan Japan, a 1929 E. L. Park mai asalin Koriya. Amma an tsuke matsayin ƙwarai, a na 1929 sai can wajen ƙarshe yake leƙowa. Jarumin bai zama jarumi ba sai da Oland ya karɓa a 1931. Ya yi 16 kafin ya rasu a 1938. Sidney Toler, Ba'amurke daga Missouri, ya gaje shi ya yi 22. Roland Winters ya rufe da shida a 1949.

Kamfanoni suna da amsa a shirye: babu tauraro Basine da sunansa zai sayar da tikiti. Gaskiya ne, amma su suka sa ya zama gaskiya. Ba ka ba mutum babban matsayi ba, ta ina zai zama tauraro? Ga kuma dokar tace finafinai ta Hays, da aka fara tsananta aiki da ita a 1934, wadda ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, a aikace kuma kamfanoni suka shimfiɗa ta kan sauran jinsuna. Kalifoniya kanta ta hana aure tsakanin farar fata da Sinawa har zuwa 1948. Sakamakon haka, da zarar an ba Bature matsayin miji, to matar ma dole ta zama Baturiya, ko da labarin na manoman Sin ne.

Abin da ya faru da Anna May Wong ke nan, haifaffiyar Los Angeles, wadda ta fi kowace 'yar Sin suna a Hollywood ta lokacin. Da kamfanin MGM zai yi babban fim kan manoman Sin a 1937, ya ba Paul Muni matsayin mijin, matar kuma aka ba Luise Rainer 'yar Jamus, wadda ta ci kyautar Oscar da shi. Sai a 2022 Amurka ta buga hoton Anna May Wong a jikin kwabonta.

'Yan wasan Sinawa ba a kore su gaba ɗaya ba. An ba su matsayin 'ya'yan Chan. Keye Luke ne babban ɗa, daga baya Victor Sen Yung da Benson Fong suka biyo. Samari ne 'yan zamani, Turancinsu na titin Amurka, masu rawar kai da uban ke yi wa faɗa. Sai ka ga uba Bature yana karya harshe, ɗansa Basine na gaske yana zuba Turanci tar. Da Luke ya dawo jerin a 1948, Winters da ke fitowa a matsayin mahaifinsa ƙaninsa ne da 'yan watanni, dukansu haihuwar 1904.

1940: ranar da talauci ya buɗe ƙofa

Karloff ya gama kwantiraginsa na Wong bayan fim na biyar. Babban kamfani da sai ya nemo wani tauraron ya biya. Monogram ba shi da wannan ƙarfin. Sai ya ɗauko Keye Luke, haifaffen Guangzhou wanda ya tashi a Seattle, mai zane ne ma kafin ya shiga wasa, ya ba shi jagorancin "Phantom of Chinatown". Aka mayar da Wong matashi mai suna Jimmy. Ana yawan ambaton wannan fim a matsayin karon farko da ɗan Asiya ya ja ragamar fim ɗin bincike mai sauti a Hollywood a matsayin mai binciken ɗan Asiya.

Labarin na wani masanin tono kayan tarihi ne da ya dawo daga hamadar Mongoliya da tsohuwar takarda, aka sa masa guba yana tsakiyar lacca. Sirrin da ke cikin takardar ashe na rijiyar man fetur ne. Fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne wajen ƙira, ɗakunan nan ne dai da aka saba. Amma iskar cikinsa daban take. Luke ba ya rusunawa, ba ya karin magana, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Kyaftin Street na 'yan sanda. Akwai ma inda aka yi wa Turawa masu tone kaburburan sarakunan Sin ba'a, aka ce yaya za su ji in Sinawa suka zo tono ƙasusuwan George Washington. A 1940 wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kada a yi saurin yi wa Monogram kirari. Lissafin kuɗi ne ya kai su, lissafin kuɗi kuma ya dawo da su. Masu gidajen silima sunan Karloff suke haya, da babu shi sai suka ja baya, jerin ya mutu a nan. Shekara huɗu bayan haka, da Fox ya ajiye Chan a 1942 kuma Toler ya sayi haƙƙin jarumin daga matar marigayi Biggers, Monogram ɗin nan ne ya karɓe shi da hannu biyu, ya koma wa Bature mai janyayyen ido. Kuɗin da ake kashewa ya faɗo daga kimanin dala 200,000 a Fox zuwa kimanin 75,000.

Masu karewa da masu suka

Masu kare finafinan suna da hujjoji da ba za a share ba. Na farko, a zamanin da Basine a allo mugu ne ko mai wanki, ga wanda ya fi kowa hankali a ɗakin, Turawa na sauraronsa, shi ke kama Bature mai laifi. A yawancin labaran ma makashin farar fata ne. Na biyu, Keye Luke kansa, wanda ya rayu har 1991, bai yarda cin fuska ba ne, ya sha cewa gwarzo Basine aka ba duniya, yana kuma yabon Oland. Na uku, a ƙasar Sin an so Chan. Gwamnatin lokacin tana hana finafinan da take gani sun wulaƙanta Sinawa, amma Oland da ya je Shanghai a 1936 tarba ta girma aka yi masa, har kamfanonin Shanghai da Hong Kong suka yi nasu finafinan Chan da ɗan wasa Basine yana kwaikwayon tafiyar Oland. Farfesa Yunte Huang, haifaffen Sin da ke koyarwa a Kalifoniya, ya fitar da littafi a 2010 da ya nemi a sake duban jarumin da idon rahama, a matsayin mai wayon da ke amfani da ladabi ya yi wa masu raina shi dariya.

Masu suka, galibi Sinawan da aka haifa a Amurka irin su marubuci Frank Chin, suna cewa Basinen Shanghai yana da damar yin dariya, domin in ya fito daga silima cikin 'yan uwansa zai koma. Yaron da ke makaranta a San Francisco shi ake tarewa a filin wasa ana ja masa ido ana kwaikwayon gurguwar Turancin Chan, alhali shi ko Sinanci bai iya ba. A wurinsu Fu Manchu da Chan tagwaye ne: ɗaya yana nuna Basinen da za a ji tsoro, ɗaya yana nuna wanda za a yarda ya zauna, muddin ya san matsayinsa. Suka ƙara da maganar abinci, wadda ba ta da amsa: kowane fim da Toler ya yi, aiki ne da ɗan wasa Basine bai samu ba.

Wannan suka ta yi tasiri. An yi zanga-zanga a 1981 da aka sa Peter Ustinov ya farfaɗo da Chan, fim ɗin kuma bai yi kasuwa ba. A 2003 tashar finafinai ta Fox ta soke shirin nuna tsofaffin finafinan a jere bayan ƙorafin ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya, daga baya aka fito da su a faifai.

Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu karewa suna auna Chan da abin da ya gabace shi, kuma a wannan ma'auni ya yi nasara. Masu suka suna auna shi da Chang Apana da Keye Luke, wato da abin da yake nan a ƙasa ana iya yi aka ƙi. Fim ɗin 1940 ya ƙarfafa hujjar masu suka fiye da duk wata maƙala, tunda ya nuna ba rashin ɗan wasa ba ne. Bahaushen da ya taɓa kallon finafinan kudu ya ga kullum shi ne maigadi mai gurɓataccen Turanci, wanda kuma ba Bahaushe ne ke wasan ba, ya san cewa don an nuna ka mai amana ba shi ke nufin an ɗauke ka a bakin komai ba.

Direban da ke zare ido

Akwai wani mutum a finafinan Chan na Monogram da baƙar fata ba zai iya kauda kai daga gare shi ba: Mantan Moreland, baƙar fatar Amurka daga Louisiana, wanda ya fito a matsayin direba Birmingham Brown daga 1944. Aikinsa ya tsorata. An ga gawa, ya zare ido, ya nemi ƙofa. Gwani ne na gaske, sau da yawa shi ne kaɗai mai rai a fim ɗin, kuma kamfanin ya san sunansa na jawo 'yan kallo a unguwannin baƙaƙe. Amma da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ta yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu, irin wannan wasa ya zama abin kunya, aiki ya yi masa wuya. Tsani ne mai hawa uku a fim ɗaya: Bature a sama ko da shi ne wawan, Basine a tsakiya da hankalinsa, baƙi a ƙasa da tsoronsa. Sinawa ma ba su tsira daga wannan ɗabi'a ba, don a bikin sabuwar shekara na gidan talabijin ɗin gwamnatin Sin a 2018 an shafa wa wata 'yar wasa baƙi ta fito a matsayin uwa 'yar Afirka, abin da ya jawo suka daga ƙasashe da dama.

Me ya sa su ne suka cika intanet?

Nan ma talaucin ne. A tsohuwar dokar Amurka ta 1909, haƙƙin mallaka shekara 28 yake yi, sai mai shi ya je ya sabunta ya ƙara wasu 28. In bai je ba, aikin ya zama na kowa. Manyan kamfanoni suna da lauyoyin da ke lura da wannan. Ƙananan kuwa wasu sun rushe, wasu sun sauya suna, Monogram kansa ya koma Allied Artists a 1953, kuma ba kowa ya damu da fim ɗin cikon benci na shekara 28 baya ba. Shi ya sa finafinan Mista Wong ke yawo hannu-hannu, kowa ya kwafa ya ɗora, yawanci daga tsohon kwafi mai dishi-dishi da sauti mai shaƙewa, yayin da na Fox masu tsada ke kulle a hannun masu su.

Illar wannan ga mai kallo ita ce abin da ya fi sauƙin samu shi ne mafi araha a cikin jerin, sai ya ɗauka duka haka suke. Wanda ke son ganin Chan a lokacin ƙarfinsa sai ya nemi na tsakiyar shekarun 1930, misali na 1936 da aka yi a gidan waƙar opera, inda Oland da Karloff suka haɗu a fim ɗaya. Wanda kuma tarihin ne ya dame shi, ya kalli ɗaya na Karloff, ya bi shi da na Keye Luke a dare ɗaya. Awa biyu da 'yan kai ne, kuma bambancin ba ya buƙatar mai fassara.

Kuɗin Fox ma bai ceci duka finafinan ba. Faifan fim na wancan zamani da sinadari mai saurin kamawa da wuta ake yin sa, kuma a watan Yulin 1937 rumbun ajiyar kamfanin da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya ƙone. Huɗu daga cikin finafinan Chan na farko da Oland ya yi sun ɓata, har da na 1931 da ya fara da shi. Abin da ya rage daga wannan shi ne kwafin harshen Sifaniyanci da aka ɗauka a ɗakuna ɗaya domin kasuwar Latin Amurka, inda wani ɗan Sifaniya, Manuel Arbó, ya fito a matsayin Charlie Chan.